Ƙashi a Bakin Kare: Ɗabi'a, Halasci da Nauyin Mai Shi

Tambayar abin da ya kamata mai kare ya ciyar da karensa, ɗanyen nama ko dafaffe, da irin ƙashin da ya dace a miƙa masa ya gwigwiya, tambaya ce da ake ɗauka ta likitocin dabbobi ce su kaɗai, alhali a ƙarƙashinta akwai tsohuwar mas'ala da malaman fiƙihu da na falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kanta, wato ko abin da halitta ta saba da shi a ɗabi'arta ya isa hujjar cewa shi ne daidai a yi mata, da kuma nauyin da ke hawa kan ɗan'adam game da abin da ke shiga cikin dabba tun daga ranar da ya ɗaure ta a ƙofarsa. Mutum biyu da nisan duniya ya raba su sukan ba da amsa ɗaya ba tare da sun san juna ba. Na farko mawadaci ne a Amurka ko Ostareliya da ke sayen daskararren ɗanyen nama da tsada domin ya yi imani cewa karensa jikan kyarkeci ne, na biyu kuma mahauci ne a kwatar wani gari da ke wurga wa karnukan da suka kewaye shi huhun da ya ga bai dace da ɗan'adam ba, yana cewa ai kare komai yake ci. Dukansu sun jingina da cewa ɗabi'ar kare za ta kula da kare, kuma wannan jinginar ce ke buƙatar a auna ta.

A ƙasashen Turawa, kiran komawa ga ɗanyen nama martani ne ga abincin kare na masana'anta, wanda ya faro a wajajen 1860 lokacin da James Spratt ya fara sayar da biskit na karnuka a Landan, ya kuma mamaye kasuwa bayan da aka ƙirƙiro busassun ƙwayoyin abinci na buhu a shekarun 1950. A 1993 wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, ya fitar da littafi yana kira da a ciyar da kare ɗanyen nama da ɗanyen ƙashi da kayan ciki da ɗan ganye, bisa hujjar cewa wannan ne abincin da jikinsa ya ginu a kai tun kafin ya san mutum. Kiran ya sami ƙarin magoya baya bayan abin da ya faru a 2007, lokacin da aka gano sinadarin melamin a cikin kayan haɗa abincin dabbobi da aka shigo da su Arewacin Amurka daga ƙasar Sin, karnuka da kyanwoyi masu yawa suka kamu da ciwon ƙoda, aka janye kayayyaki daga kasuwa. Adalci ne a yarda cewa masu wannan ra'ayi ƙauna ce ta motsa su, kuma rashin amincewarsu da kamfanoni yana da tushe. Sai dai kyakkyawar niyya ba ta gyara hujja idan hujjar ta karkace.

Karkatar tana wurin da aka tsallaka daga bayanin yadda abu yake zuwa hukuncin yadda ya kamata a yi. David Hume, masanin falsafa ɗan Sikotlan, ya lura a littafinsa kan ɗabi'ar ɗan'adam da ya fito tsakanin 1739 da 1740 cewa marubuta sukan yi wannan tsallaken ba tare da sun nuna gadar da suka bi ba, shi kuma John Stuart Mill, a maƙalarsa kan ɗabi'a da aka buga a 1874 bayan rasuwarsa, ya ƙara da cewa abubuwan da ake hukunta mutum idan ya aikata su, irin su kisa da azabtarwa, su ne aikin yau da kullum na duniyar dawa, don haka ba za a mayar da ita malamar ɗa'a ba. Kyarkecin da ake kafa hujja da shi yana cin ɗanyen nama, haka ne, amma yana kuma rayuwa da karyayyun haƙora da tsutsotsi a hanji, yana mutuwa da ƙuruciya, babu kuma wanda za a tambaya dalili. Ko ta fuskar halittar jiki ma, kare ya riga ya rabu da kakansa. Binciken da Erik Axelsson da abokan aikinsa na Jami'ar Uppsala a Suwidin suka buga a 2013 ya nuna cewa ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin narkar da sitaci, wadda kyarkeci ke da kwafi 2 nata, ta ninku a jikin karnuka daga 4 har zuwa 30, abin da ke nuna cewa dubban shekarun zama da manoma sun mayar da kare mai iya cin hatsi. Karen da ke lashe sauran tuwo a bayan ɗaki bai fita daga ɗabi'arsa ba.

Musulunci bai raina ɗabi'ar halitta ba. Alƙur'ani, a Suratu Ɗaha aya ta 50, ya siffanta Ubangiji da cewa Shi ne ya ba kowane abu halittarsa sannan ya shiryar da shi, a Suratul An'am aya ta 38 kuma ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi kwatankwacin mutane. Amma malaman tauhidi na Ash'ariyya, waɗanda a littattafansu ne zaurukan karatu na ƙasar Hausa suka ginu, sun ƙi yarda a ba ɗabi'a matsayin mai yi ko mai hukunci. Muhammad ɗan Yusuf as-Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci gida uku a cikin Muƙaddimarsa: hukuncin hankali, wanda ake sani da tunani kawai, hukuncin shari'a, wanda ake sani daga maganar Allah da Manzonsa, da hukuncin al'ada, wato alaƙar da ake tabbatarwa tsakanin abu da abu ta hanyar ganin maimaituwarsu, tare da yiwuwar wata rana alaƙar ta saɓa. Wannan rabon yana warware mafi yawan ruɗanin da ke cikin mas'alar. Cewa dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, ko cewa ɗanyen huhu yana ɗauke da tsutsa, hukunci ne na al'ada, ana saninsa da gwaji da ƙididdiga, ba a neman sa a cikin nassi, ba a kuma ƙirƙiro shi da zato game da rayuwar kyarkeci. Cewa bai halatta mutum ya cutar da abin da ke hannunsa ba, wannan hukuncin shari'a ne, kuma yana sauka ne a kan abin da hukuncin al'ada ya tabbatar.

A nan ne amsar mai cewa karensa ya shekara da shekaru yana cin ƙashin kaza bai taɓa ko tari ba take, domin Sanusi ya riga ya sanya yiwuwar saɓawa a cikin ma'anar hukuncin al'ada. Tsirar kare ɗaya ba ta rushe alaƙar da aka gani tana maimaituwa a ɗakunan tiyatar dabbobi, kamar yadda mutuwar kare ɗaya ba ta isa ta tabbatar da ita ba. Abin lura shi ne rinjaye, kuma wanda ya ga ɗaruruwan karnuka ya fi wanda ya ga nasa kaɗai sanin inda rinjayen yake. Imam ash-Shaɗibi na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1388, ya bayyana a cikin al-Muwafaƙat cewa tabbatar da ko wani hukunci ya hau kan wani abu takamaimai aiki ne da ke buƙatar sanin abin kansa, wanda likita ko mai sana'a kan fi malamin fiƙihu, kuma cewa duba makomar aiki kafin a yanke masa hukunci manufa ce daga manufofin shari'a.

Matsayin kare a mazhabar Malikiyya ya fi yadda jama'a ke zato sauƙi. Duk mai rai tsarkakke ne a wurin Malikawa, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a cikinta suna ɗaukarsa umarni ne na bauta da ba a rataya shi ga najasa ba. Hadisin da ke gargaɗin raguwar lada ga mai ajiye kare ya keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, malamai kuma sun yi saɓani game da karen gadin gida, inda masu sharhin Risala suka hakaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai littafin, wanda ya rasu a 996, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi haka sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Abin da ya shafi wannan bahasi shi ne, duk wanda ya ajiye kare, ko da izini ko da saɓani, ya shiga ƙarƙashin hukuncin ciyarwa, domin laifin ajiyewa, idan akwai shi, ba ya kankare haƙƙin abin da aka ajiye.

Wurin da fiƙihu ya fi haska dangantakar kare da nama shi ne babin farauta. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo wa masu su, malamai kuma suka bayyana horarren kare da cewa shi ne wanda idan aka sake shi ya tafi, idan aka tsawatar masa ya tsaya. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cin abin farautar da kare ya ci daga gare shi, don gudun kada ya zama kansa ya kama wa, kuma Abu Hanifa da Ahmad da Shafi'i a mafi ƙarfin maganarsa sun tafi a kan haka, yayin da Malik ya sauƙaƙa, kamar yadda Ibn Rushd ya kawo saɓanin da dalilansa a Bidayatul Mujtahid. Ko wane ɓangare aka bi, surar da hadisin ya zana ta cancanci a daɗe ana kallonta: dabba mai fiƙa, da yunwa a cikinta, da ɗumin jinin zomo ko gada a bakinta, ta riƙe naman ba ta haɗiye ba har mai ita ya iso. Wannan shi ne akasin ɗabi'a. Mutum ne ya koya wa kare ya danne abin da aka halicce shi a kai, ya kuma ci moriyar wannan dannewar, kamar yadda mafarautan ƙasar Hausa da Buzayen Azawak masu dogayen karnukan gudu suka sani tun kaka da kakanni. Wanda ya karɓe wa dabba ikon ciyar da kanta ba shi da bakin da zai ce ɗabi'arta za ta zaɓa mata abin da zai amfane ta. Zaɓin ya koma hannunsa, hisabin ma haka.

Littattafan fiƙihu sun faɗi wannan a sarari a babin ciyarwa. Muhtasar na Halil ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyayar da za ta ci da kanta, wasu masu sharhi kuma suka faɗaɗa har ga kyanwar da ta makance a gidan mutum ta kasa fita nema, suka ce ciyar da ita ya hau kansa, wanda ke nuna cewa dalilin wajabcin shi ne gazawar dabbar, ba amfanin da ake samu daga gare ta ba. A babin taimama, tsoron ƙishirwar dabba mai alfarma da ke tare da matafiyi, ciki har da karen da aka yi izinin ajiyewa, uzuri ne da ke sa a bar alwala a shayar da ita ruwan. Hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare aka gafarta masa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nema ba, sanannu ne ga kowane ɗalibi. Izzuddin ɗan Abdussalam, malamin Shafi'iyya da ya rasu a Alƙahira a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mutum a cikin Ƙawa'idul Ahkam, ya fara da ciyar da ita irin ciyarwar da ta dace da jinsinta ko da ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita, ya kuma haɗa da kada a haɗa ta da abin da zai karya ta ko ya ji mata rauni. Sharaɗin dacewa da jinsi shi ne ƙofar da ɗabi'a ke shigowa ta cikinta, amma tana shigowa ne a matsayin abin da ake wajabta wa mai dabba ya sani, domin ba zai iya ba kare abin da ya dace da kare ba sai ya koyi abin da jikin kare ke buƙata da abin da ke lalata shi.

Mahaucin da aka ambata yana da nasa nassin da zai iya fakewa da shi. Malikawa sun hana amfani da abin da shi kansa najasa ne, amma Ahmad ad-Dardir, wanda ya rasu a 1786, ya lissafa mushen da ake jefa wa karnuka cikin abubuwan da aka keɓe daga hanin a babban sharhinsa na Muhtasar, kuma malaman wasu mazhabobin ma sun halatta ciyar da mushe ga karnuka da tsuntsayen farauta. Dalilinsu ingantacce ne, domin haramcin mushe magana ce da aka fuskantar ga mai hankali baligi, kare kuwa ba a ɗora masa shari'a ba. Sai dai wannan fatawar tambaya ɗaya ta amsa, wato ko najasar mushe tana hana a ba kare shi, ta ce ba ta hanawa. Ba ta amsa tambayar cuta ba, domin cutar da ke biyo baya ba ta bayyana ga mutanen zamaninsu yadda ta bayyana yanzu ba, kuma ƙa'idar da ke hana cutarwa, wadda Malik ya ruwaito asalinta a Muwaɗɗa, tana nan a kan kowane halas tana iyakance shi.

Cutar da ake magana a kanta ba ƙarama ba ce. Akwai wata tsutsa dangin tsila, wadda tsawonta bai wuce milimita 2 zuwa 7 ba, da ke zama a ƙaramin hanjin kare ba tare da ta dame shi sosai ba, tana zubar da ƙwayayenta cikin bahayarsa. Tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi ya ci ciyawar da ƙwayayen suka gurɓata, sai su ƙyanƙyashe su ratsa zuwa hanta ko huhu su zama ƙullutu mai cike da ruwa, wanda duk wanda ya daɗe a sana'ar fawa ya sha gani. Idan aka yanke wannan ƙullutun aka jefa wa kare, dubban kawunan tsutsa da ke cikinsa sai su manne a hanjinsa, cikin 'yan makonni ya fara zubar da sababbin ƙwayaye. Ɗan'adam ba ya kamuwa ta cin naman, yana kamuwa ne ta haɗiye ƙwayayen da suka fito daga kare, a hannun yaron da ya shafa gashinsa, ko a ganyen lambu, ko a ruwan sha, kuma ƙullutun yakan yi shekaru yana girma a hantarsa ko huhunsa kafin a gane, maganinsa kuwa sau da yawa sai an haɗa da tiyata, kuma fashewarsa a ciki na iya kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan cuta cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, ta kuma ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 1 ke ɗauke da ita a kowane lokaci, kuma yankin Turkana na makiyaya a arewacin Kenya yana cikin wuraren da aka fi saninta a duniya. Abin da ke ɗaure kai a tsarin yaɗuwarta shi ne, akwai mataki ɗaya a cikinsa da yake hannun mutum kai tsaye, wato lokacin da aka miƙa wa kare ɗanyen kayan ciki, kuma mai miƙawar yakan ɗauka sadaka yake yi.

An ga abin da ke faruwa idan aka toshe wannan matakin. Tsibirin Aisilan, inda cutar ta yi katutu a ƙarni na 19, ya rabu da ita bayan da likitan Danmak Harald Krabbe ya bincike ta a shekarun 1860 aka wayar da kan manoma su daina ba karnuka kayan cikin tumaki, ƙasar Niyu Zilan kuma, bayan shekaru da dama na dokar hana ɗanyen kayan ciki da ba karnuka maganin tsutsa, ta ayyana kanta a matsayin wadda ta rabu da ita a 2002. A ƙasashen Musulmi na Arewacin Afirka masu bincike sun daɗe suna nuna yanka a gida ba tare da duba likita ba, musamman a Babbar Sallah, a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin da ke raya cutar, kuma yanayin layya a Kano ko Damagaram bai bambanta da na can ba ta wannan fuskar. Mushen da ya faɗi farat ɗaya ya fi haka haɗari, domin yana iya zama ciwon saifa, wanda alamarsa jini ne baƙi da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, wanda kuma aka tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta Jihar Neja a watan Yulin 2023 bayan gwajin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom. Karnukan da suka yaga irin wannan gawar suna watsa ƙwayoyin cutar a ƙasa inda za su iya rayuwa shekaru aru-aru, shi ya sa hukuncinta ƙonewa ne ko binnewa mai zurfi ba tare da an farke ta ba.

Mawadacin da ke sayen namansa a cikin leda bai tsira daga wannan ma'aunin ba. Binciken da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta gudanar tsakanin 2010 da 2012 ya sami ƙwayar salmonela a samfur 15 da ƙwayar listeriya a 32 daga cikin 196 na ɗanyen abincin dabbobi, kuma a 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fitar da matsayar da ke kashe gwiwar masu ciyar da ɗanyen nama. Kare na iya ɗaukar waɗannan ƙwayoyin yana zubar da su alhali lafiyarsa lau, wanda zai sha wahalar kuwa shi ne jariri mai rarrafe da tsoho da mai juna biyu da marar lafiya, mutanen da ba a nemi shawararsu ba lokacin da aka zaɓi abincin. Tsokar nama zalla kuma, ɗanya ko dafaffiya, ba cikakken abinci ba ce, domin tana da yawan sinadarin fosfaras da ƙarancin kalsiyam, kuma ɗan kwikwiyon da aka raina a kanta jikinsa kan zuƙe kalsiyam daga ƙasusuwansa har su yi laushi su lanƙwashe ko su karye.

Shi kansa ƙashi yana da wata daraja a cikin sunna, tun da an hana yin tsarki da shi bisa dalilin cewa guzurin aljanu Musulmi ne, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Mas'ud, wanda ke nuna cewa abin da mutum ya gama da shi bai zama shara ga sauran halitta ba. Buƙatar kare ga tauna ma gaskiya ce, tana rage masa ƙunci idan yana ɗaure, tana kuma goge dattin da ke taruwa a haƙoransa, kuma mai hana shi duk abin gwigwiya ya tauye shi. Amma ƙasusuwa ba ɗaya suke ba. Wanda wuta ta taɓa, dafaffe ko gasasshe ko soyayye, ya bushe ya yi gautsi, yana tsagewa ya zama tsinke mai kaifi, kuma shi ne ainihin abin da ya fi saura a faranti bayan an ci kaza ko balangu. Ƙashin ƙafar saniya, wanda aka halitta don ɗaukar nauyin babbar dabba, ya fi ƙarfin haƙorin kare, kuma yakan tsaga babban haƙorin gefe na sama da kare ke yanka nama da shi kamar almakashi, karayar da ke buɗe jijiya ta bar dabbar cikin ciwon da ba ta iya faɗa. Ƙashin ɓargo da aka yanka zobe-zobe yakan sarƙe a muƙamuƙin ƙasa, guntun da ya yi daidai da maƙogwaro yakan maƙale a hanyar abinci, garin ƙashi mai yawa kuma yana daskarewa a hanji ya hana bahaya. Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta sanar a 2017 cewa ta sami rahotanni kusan 68 game da ƙasusuwan da ake sarrafawa ana sayarwa don karnuka, waɗanda suka shafi karnuka kusan 90, kimanin 15 daga cikinsu suka mutu. Ɗanyen wuyan kaza, wanda masu ɗanyen abinci ke yabo don laushinsa, wani bincike na Jami'ar Melbourne a 2018 ya danganta shi da wata shanyewar jiki da ke kama karnuka.

Abin da ya fito daga haɗa waɗannan shi ne, babu ƙashin da za a ce ba shi da haɗari sam, amma akwai tazara mai faɗi tsakanin mai rinjayen cuta da mai ƙarancinta. Dafaffen ƙashi da ɗanyen kayan ciki da mushen da ba a san abin da ya kashe shi ba suna ɓangaren da cutarsu ta rinjaya, kuma mai ba da su bayan ya sani ya fita daga halascin da Dardir ya ambata ya shiga cutarwa. Ɗanyen ƙashi mai nama da guringuntsi, daga dabbar da aka yanka aka duba, wanda ya fi bakin karen girma har ba zai iya haɗiye shi ba, aka ba shi ana kallonsa, shi kaɗai ba cikin wasu karnuka ba, aka karɓe kafin ya farfashe ko zafin rana ya ruɓar da shi, aka kuma wanke hannu da wurin, wannan yana cikin abin da masana suka yi saɓani a kai, kuma mai yin sa da waɗannan sharuɗɗa ba za a kira shi azzalumi ba, ko da yake abin taunawa na roba mai ƙarfi da ke lotsawa idan an danna shi da farce ya fi aminci ga wanda ya samu.

Saura ƙorafin da mai karatu a ƙasar da nama ya yi tsada zai yi, cewa wannan duk zancen masu ƙoshi ne, kuma saya wa kare nama alhali maƙwabci na kwana da yunwa almubazzaranci ne. Ƙorafin yana da ƙarfi a kan wanda ke kashe wa karensa abin da ya hana danginsa, domin shari'a ta gabatar da ɗan'adam idan buƙatu suka yi karo. Amma ba ya zama uzuri ga mai sakaci, saboda abin da ake nema a wurinsa ba kuɗi ba ne. Sauran tuwo ko dawa da aka haɗa da tarkacen nama ko kifi ko kayan cikin da aka tafasa aƙalla rabin awa, ba tare da albasa da tafarnuwa ba tun da suna lalata jinin kare, tare da ruwa mai tsabta da maganin tsutsa lokaci-lokaci da allurar rigakafin hauka, sun fi ɗanyen naman leda kusa da ciyarwar da Izzuddin ya siffanta, kuma tsadarsu ba ta wuce itacen da aka hura ba. Wanda ba zai iya ko wannan ba, fiƙihu ya riga ya nuna masa mafita, wato ya miƙa dabbar ga wanda zai iya.

Wannan bayani ya kamata ya fito daga bakin waɗanda jama'a ke saurare. Limaman da ke karantar da hukunce-hukuncen layya kowace shekara, daga shekarun rago zuwa aibobin da ke hana shi isarwa, su ƙara da hukuncin abin da aka cire aka yar, sarakunan fawa kuma su hana karnuka shiga kwata su tanadi rami mai zurfi, domin hanta ko huhun da aka ga ƙullutun ruwa a jikinsa wurinsa wuta ne ko ƙarƙashin ƙasa, ba bakin kare ba.